Hoton Gona da Zagayowar Shekara a Karkarar Arewacin Kano

A ɗakin ajiya na makarantar sakandaren da muke koyarwa akwai wani tsohon kabad na ƙarfe wanda ba a cika buɗe shi ba. Ranar da muka buɗe shi muna neman taswirar da za mu yi darasin labarin ƙasa da ita, sai muka ci karo da wani ambulan mai kauri, gara ta ɗan taɓa gefensa, cike da hotuna baƙi da fari. Babu fuskar mutum ko ɗaya a cikinsu. Daga jirgin sama aka ɗauke su, kyamara na kallon ƙasa kai tsaye, tun kafin a haife mu. Gonaki ne jere kamar faci a jikin tsohuwar riga, ga burtali ya ratsa su, ga gidaje a warwatse, sannan ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo birjik ko'ina, waɗanda sai da muka ƙura ido muka gane itatuwa ne. Waɗannan hotuna su suka jawo wannan rubutu.

Mu marubuta muna da wata ɗabi'a. Da zarar tauraron labarinmu ya bar birni ya nufi ƙauye, sai alƙalami ya ce ya tarar da garin yana nan yadda yake tun kaka da kakanni, ba abin da ya sauya. Mun karanta irin wannan jimla a littattafai ba adadi, mu kanmu mun rubuta ta. To, shin gaskiya ce? Muna ganin tarihin hotunan da aka ɗauka na gonakin da ke kewaye da Kano zai iya ba mu amsa, musamman na ɓangaren arewa, wato ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta da maƙwabtansu.

Kafin mu shiga gona, bari mu ɗan leƙa waje, domin mai karatu ya san cewa akwai masu ɗaukar hoto da ba fuskar mutum ko bikin aure suke nema ba, lokaci suke son kamawa. Fitacce a cikinsu shi ne Hiroshi Sugimoto, mutumin Japan da aka haifa a 1948. Tun daga 1980 ya shiga yawon gaɓar tekunan duniya yana ɗaukar hoto iri ɗaya tak: rabin sama sararin samaniya, rabin ƙasa ruwa, layin da ya raba su a tsakiya daidai. Ba jirgi, ba tsuntsu, ba mutum. Abin da yake nema shi ne wani abin kallo da ɗan'adam na yau zai gani kamar yadda mutanen farko suka gan shi, sai ya ga ba abin da ya rage haka sai teku. Wanda ya tsaya gaban irin wannan hoto ba zai iya cewa ga shekarar da aka ɗauke shi ba, kuma nan ne gwanintar take.

Mu nan ba mu da teku. Amma baƙo da ya zo da kyamara ya tsaya a bakin gona a Dawakin Tofa cikin hunturu, ya ga kuka ta yi tsirara cikin hazo, ga rumbu, ga jaki ɗauke da mangala, zai ji kamar ya sami abin da Sugimoto ke nema. Zai ce ga wurin da lokaci ke zagayawa ba ya wucewa. Kuma ba za mu ce ya yi kuskure ɗungurungum ba, domin shekarar manomi da gaske zagayawa take yi. Da bazara a yi sharar gona, a kai taki a zuba tsibi-tsibi. Ruwa na sauka a ɗauki sungumi a yi shuka, wasu ma sun riga sun yi binne. A yi noman fari, a yi maimai, gero ya nuna a girbe shi dawa na tsaye, wake ya baje a ƙarƙashi. Da kaka a ɗaure damma a kai rumbu, a ɗora harawa a kan reshen itace inda awaki ba za su kai ba. Sai rani, a saki dabbobi su yi kiwon kara. Malamanmu na zaure ma sun daɗe da raba wannan zagaye zuwa taurari 28, kowane da kwana 13 in ban da Jabaha mai kwana 14, jimla kwana 365. Tsofaffin manoma har yanzu suna cewa an shiga Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, su san irin ruwan da za su sa rai da shi. A kan wannan zagaye na rana kuma ga na wata yana tafiya da nasa lissafin: azumin 1990 ya kama a ƙarshen watan Maris, ya bi ta hunturu da kaka da damina, sai ga shi a 2023 ya dawo ƙarshen Maris, bayan shekara 33.

Sannan ga gawo, wanda a ganinmu ya fi kowane itace cancantar a ɗauke shi hoto. Lokacin da kowane itace ke yin ganye da damina, shi kakkaɓe nasa yake yi ya tsaya fayau, har gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa saboda ba inuwar da ta tare shi, ga kuma ganyen da ya zuba ya zama taki. Da rani kuwa, sa'ad da ƙasa ta yi fari fat, sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya awaki da tumaki su ci. Wanda ya ɗauki gawo ɗaya a watan Agusta ya sake ɗaukarsa a Fabrairu, ya ajiye hotunan gefe da gefe, ya gama bayanin shekarar Hausa ba tare da ya rubuta kalma ɗaya ba.

To amma fa akwai babban bambanci tsakanin teku da gonar Bakano. Teku ba wanda ke yi masa aiki. Gonar nan kuwa, wadda ake nomawa kowace shekara ba a barin ta ta huta, hannun mutum ne ke maido ta yadda take. Abin da baƙo ya ɗauka dawwama ne, gumi ne da ake sabuntawa duk shekara. Wannan shi ne abin da hoto ɗaya ba ya iya faɗa, kuma an daɗe ana ɗaukar hoton ƙasar nan kafin a gane haka.

An bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya a Faransa a 1839, amma da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano daga Katsina a watan Fabrairun 1851, alƙalami da takardar zane ya riƙo. Ya biyo ta Bichi, ya kuma yaba albarkar ƙasar da yawan jama'arta da itatuwan da aka bari a cikin gonaki. Wato shekara 50 da ɗoriya kafin Turawan mulki su ci Kano a 1903, wannan tsari na gona da itace da gida kusa da kusa ya riga ya kafu. Da kyamara ta shigo tare da Turawa, ba gona ta fara kallo ba. Badala ta kalla, da ƙofofi, da kasuwar Kurmi, da karofi, da hawan sarki. Wanda ya ziyarci Gidan Makama ya duba tsofaffin hotunan da ke rataye zai ga haka. Manomi in ya shigo hoto, to ya shigo ne a matsayin ado, yana wucewa da jakinsa ta gaban ganuwa.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin nema, daga bisani kuma aka sami hoton da ya fi kowane hoto na ƙasar Kano shahara a duniya, wato dalar gyaɗa. Mu lura da wani abu a nan. Kowane buhu da ke cikin dalar nan daga gonar wani talaka ya fito, a Gezawa ko Bichi ko Dambatta, amma hoton bai nuna gonar ba, tarin da aka yi a bakin layin dogo ya nuna. Kuma an yi ta buga shi kamar abin da zai tabbata har abada, ga shi an gina shi da siffar dalar Masar. Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, haɗe da komawar hankalin ƙasa kan man fetur, suka rushe dalar. Yau ɗalibanmu a littafi kawai suke ganinta.

Mu kuma mutanen karkara, da mai hoto ya fara zuwa mana ranar kasuwa ko da salla, me muka zaɓa? Labulen da aka zana bene ko jirgin sama ko fulawa muka tsaya a gaba, mun ci ado, hannu a kan rediyo. Mun bincika akwatunan hotuna na gidaje da dama na 'yan'uwa, ba mu sami wanda ya tsaya a gonarsa aka ɗauke shi ba. Ba mu ga laifinsu ba. Kuɗi ake biya, kuma mutum ba ya biyan kuɗi don a nuna masa abin da yake gani kullum. Sai dai abin da ɗan ban dariya, domin duk saɓanin da malamai suka yi a kan hoto, a kan surar abu mai rai suka yi shi, kusan ba wanda ya hana surar itace ko gona. Hoton da babu gardama a kansa shi ne wanda ba mu ɗauka ba.

Waɗanda suka ɗauki gonakin kuwa ba don sha'awa suka yi ba. Ma'aikatan safiyo ne da ke son zana taswira, suka riƙa tashi da jirgi suna bin ƙasa layi-layi, kowane hoto yana hawa kan gefen na kusa da shi, yadda in aka sa biyu a ƙarƙashin wani madubi mai ido biyu sai itatuwa su miƙe tsaye kamar a taɓa. Irinsu ne muka tsinta a kabad. An maimaita wannan aiki a shekaru daban-daban, ba tare da an yi nufin haka ba sai aka sami wuri ɗaya a lokuta da yawa.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan shi ne Michael Mortimore, Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1962, ya koma Jami'ar Bayero ta Kano a 1979 ya zauna har 1986, ya rasu a 2017. A 1965 shi da abokin aikinsa J. Wilson suka fitar da bincike a kan ƙasa da jama'ar wannan yanki, kuma ta hanyarsa sunan da Turawa ke kiran wurin da shi, wato yankin Kano mai zaman kusa da kusa, ya bazu a duniyar ilmi. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda ƙasa mai yashi, mai ruwan sama na wata huɗu ko biyar, ke ɗaukar jama'a masu yawa haka ana nomanta ba hutu ba ta mutu ba. Amsar tana wurin abubuwan da muka raina. Akuya da tunkiya da ake ɗaurewa a turke duk damina ana kawo musu ciyawa, kashinsu ya taru a kai gona. Harawar wake da ta gyaɗa da ke ciyar da su da rani. Da kuma jaki, wanda ke shiga birni da itace da hatsi ya fito da shara da toka. Zagaye ne na biyu a cikin zagayen shekara: abin da gona ta bayar yana komawa gare ta.

A shekarun 1970 da 1980, bayan fari biyu masu tsanani, maganar da ta cika duniya ita ce hamada na tahowa, kuma birane irin Kano za su cinye duk itacen da ke kewaye da su a murhu. Lissafin a takarda ya yi daidai: jama'a na ƙaruwa, kowa na girki da itace, saboda haka itace zai ƙare. Sai wasu malaman Jami'ar Bayero, cikinsu har da Mortimore da Janet Nichol da J. A. Falola da Reginald Cline-Cole, suka ɗauko hotunan sama na 1972 da na 1981 suka zauna ƙidayar ɗigo-ɗigon nan, suka kuma fita gonaki suka auna. Sakamakon ya fito a littafin Wood Fuel in Kano a 1990, kuma ya saɓa wa abin da ake tsammani. Itatuwan gonakin da ke kusa da birni ba su ragu ba. Dalili kuwa, itacen da ke gona yana da mai shi. Manomi sassabe reshe yake yi, ba ya kashe ɗorawar da matarsa ke yin daddawa da kalwarta. Inda ake ɓarna shi ne dajin nesa da ba na kowa ba, inda manyan motoci ke zuwa lodi.

Wannan dabara ta ajiye hoton da da na yanzu gefe da gefe, Mortimore ya kai ta Kenya. Tare da Mary Tiffen da Francis Gichuki suka samo hotunan da aka ɗauka a gundumar Machakos a 1937, masu nuna tsaunuka tsirara da zaizayar ƙasa ta yi wa kaca-kaca, suka nemo daidai inda mai hoton ya tsaya aka sake ɗauka bayan fiye da shekara 50. Jama'a sun ninka fiye da sau biyar, amma tsaunukan sun cika da gonaki masu matakala da itatuwa. Littafin da suka fitar a 1994 sunansa kaɗai ya isa jayayya, More People, Less Erosion, wato ƙarin jama'a, ragin zaizaya. Haka kuma a maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, hotunan sama da na tauraron ɗan'adam da Gray Tappan da Chris Reij suka gwada a tsakiyar shekarun 2000 ne suka tona abin da manoma suka yi shiru suna yi tun bayan farin 1984, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka ya kai hekta miliyan 5.

Kada mai karatu ya ce to ashe jimlarmu ta marubuta ta yi daidai, ƙauye na nan yadda yake. A'a. A nan ne ma labarin ya fi daɗi, ya kuma fi ciwo. A 2018 Nichol da Muhammad Usman suka sake komawa kan gonakin Kano, wannan karon har da hotunan da taurarin leƙen asirin Amurka suka ɗauka a shekarun 1960, waɗanda aka saki ga jama'a a 1995. Sun tarar itatuwa sun ƙaru ƙwarai a cikin rabin ƙarni. Amma da aka sauko ƙasa aka dubi ko waɗanne itatuwa ne, sai ga shi darbejiya ce ta mamaye, baƙuwar da aka kawo daga ƙasashen Indiya a zamanin Turawa, alhali itatuwan gado da yawa tsofaffi ne a tsaye babu matasan da za su gaje su. Daga sama ɗigo ɗigo ne. A ƙasa kuwa, ɗigon da ya ba da daddawa daban, wanda ke ba da inuwa da itacen girki daban.

Haka sauran abubuwan suke in an dube su da kyau. Takin birni har yanzu yana zuwa gona, sai dai cike yake da leda, wadda ba ta ruɓewa, kuma mota da kurkura sun karɓe wa jaki yawancin aikin. Madatsun ruwa da aka gina a shekarun 1970, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako, irin su Tomas ta wajen Dambatta da Watari ta wajen Bagwai da Jakara ta wajen Minjibir, sun sa akwai wuraren da rani ya daina zama lokacin hutu ko cin rani, ya koma lokacin tumatir da albasa da shinkafa. Gado yana ta tsaga gona, abin da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabawa. A Ungogo da bakin hanyar Dawanau kuwa, abin da ke tsirowa a gonaki da yawa shi ne dutsen siminti na shaidar fuloti. Gonar da aka yanka fuloti ta fita daga zagaye, damina za ta zo ta same ta amma ba za ta san ta ba. Dawwama dai ta Allah ce Shi kaɗai. Abin da gona take da shi shi ne dawowa, ita kuwa dawowa sai da wanda zai tarbe ta da taki.

Mun ɗauki ɗaya daga cikin hotunan kabad ɗin nan muka kai wa wani dattijo a wani ƙauye da ke tsakanin Bichi da Dambatta, wanda muke kyautata zaton unguwarsu ce a ciki. Bai taɓa shiga aji ba, bai kuma taɓa hawa jirgi ba. Ya riƙe takardar ya jujjuya, ya ce, "Malam, daidaita mini ita, gabas ta koma gabas." Muka daidaita. Ya ɗora yatsa a kan burtali ya bi shi sannu a hankali har ya kai wata mararraba, sai ya yi shiru. Daga nan ya fara kiran ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran sunan 'ya'yansa. Wannan tsamiyar masallaci ce, tana nan. Wannan kanya ce, iska ta kayar da ita. Waɗannan ukun ɗorawa ne na gidansu, biyu sun bushe bayan fari na biyu, ɗaya aka sayar wa masu sassaƙa turmi shekarar da za a aurar da ƙanwarsa. Muka ce, "Baba, to wannan babban fa na gefen rijiya?" Ya ce, "Gawo ne. Tashi mu je ka gan shi."

Muka je muka same shi, ya yi kore shar domin watan Janairu ne, awaki na tsintar 'ya'yansa. Rijiyar ta rufta, an yi famfon burtsatse can gaba, darbejiya ta yi layi a inda hoton ya nuna fili. A ranar muka roƙi izinin mai gonar muka kafa guntun ƙarfe a kan iyaka, taku arba'in yamma da gawon. Tun daga lokacin, duk sa'ad da tauraro ya sauya, wato bayan kwana 13, ɗaya daga cikin ɗalibanmu 'yan unguwar yakan je da hantsi ya ɗora wayar salula a kan ƙarfen ya ɗauka, ba ya matsawa hagu ko dama. Muna wanke hotunan a takarda, domin waya tana ɓata ko ta lalace, muna rubuta kwanan wata da sunan tauraro a bayan kowanne. Mun cika zagaye ɗaya, hoto 28, mun shiga na biyu. A na goma sha tara na zagayen farko babu komai a kusurwar dama sai dawa. A takwaransa na zagaye na biyu an sauke bulo a wurin.